Finafinan Direbobin Tirela na Amurka

Finafinan direbobin tirela rukuni ne na finafinan faɗa da tseren mota da suka yi tashe a Amurka daga wajajen 1974 zuwa ƙarshen shekarun 1970. Akasarinsu da kuɗi kaɗan aka shirya su, kasuwarsu kuwa ta fi ci a silimomin fili inda ake kallo daga cikin mota, musamman a jihohin kudu.

Asali

A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila. Man dizal ya yi tsada, ya kuma yi wuyar samu. A Janairun 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade gudu a mil 55 a awa, kusan kilomita 89. Wanda abin ya fi taɓawa shi ne direba mai motar kansa, domin samunsa na bin yawan lodin da ya kai, ga bashin mota a wuyansa. Direbobi sun tare manyan hanyoyi a Disambar 1973, suka shiga yajin aiki a Fabrairun 1974. Ta rediyon oba-oba na CB suke sanar da juna inda ake samun mai da inda 'yan sanda suka laɓe. Wannan ɓacin rai na gaskiya masu shirya fim suka tarar a ƙasa, suka mai da shi haja.

Fitattu

A White Line Fever (1975), matashi ya ci bashi ya sayi tirela, ya ƙi ɗaukar kayan fasa-ƙwauri, manyan harkar suka sa shi gaba. Smokey and the Bandit (1977) wanda jarumi Burt Reynolds ya fito a ciki ya zo na biyu a ciniki a shekararsa, bayan Star Wars. Convoy (1978) daga waƙa aka ciro shi.

Yadda suke nuna ƙauye

Direba shi ne gwarzo, amma garuruwan da yake ratsawa ba a yi musu adalci ba. Kusan kullum akwai shugaban 'yan sandan gunduma mai ƙaton tumbi da baƙin tabarau, ga cin hanci ga wauta; akwai masu dafa giyar ɓoye, da ƙauyawa marasa wayewa riƙe da bindiga. A Breaker! Breaker! (1977) na Chuck Norris, gari guda ne ke rayuwa da tatsar direbobi a ƙarƙashin azzalumin alƙali, ƙarshe tireloli suka bi ta kan gidajensa. Abin takaicin shi ne mutanen irin waɗannan garuruwa ma suna cikin masu sayen tikiti. Wasu masu sharhi na ganin raini ne, wasu na ganin raha ce ta cikin gida.

Dusashewa

Yayin CB ya wuce a farkon shekarun 1980, rukunin ma ya bi shi.