Bayolet ɗin Afirka a ɗaki: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tun da mutane suka ga 'yan tukwanen da ke bakin tagata suna fure, tambayoyin ba su canza ba. Wannan ya yi yau, gobe wancan ya maimaita, kamar an haɗa baki. Ga su nan na tara wuri ɗaya. Shukar da nake nufi ita ce bayolet ɗin Afirka, 'yar ƙaramar nan mai ganye masu gashi-gashi kamar karammiski, mai furanni shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda ko farare. Abin da zan faɗa a kan ruwa kuwa ya shafi yawancin ƙananan furannin da ake ajiyewa a ɗaki.

Sau nawa zan ba ta ruwa a mako?

Ba ta san mako ba. Ku taɓa ƙasar da yatsa. In saman ya bushe, ku ba ta. In da danshi, ku ƙyale ta.

Tukunyata ba ta da huda a gindi, amma tana da kyau. Ba komai?

Da komai. A huda ta, ko a dasa shukar a tukunyar roba mai huda sannan a zura ta cikin mai kyan. Ta farko da na taɓa ajiyewa haka na kashe ta: tukunyar tangaran ce mai zane, ni kuma kullum da safe sai na ɗan zuba mata ruwa, wai kulawa. Ranar da na taɓa ganyen na ƙasa ya biyo hannuna kamar an dafa shi, na juye tukunyar, sai ruwa baƙi mai wari ya kwararo.

In fitar da ita rana ta ɗan sha?

A'a. Haske take so, zafin rana ƙona ta yake yi. Asalinta duwatsun Usambara ne a Tanzaniya, inda take fitowa a tsagin dutse ƙarƙashin inuwar bishiyoyi. A can wani jami'in Jamus mai suna Walter von Saint Paul-Illaire ya tsince ta a 1892, ya aika wa mahaifinsa irinta, shekara ɗaya bayan haka masanin tsirrai Hermann Wendland ya raɗa mata suna Saintpaulia. Shukar da ta taso a inuwar daji ba za ta jure ranar tsaka ba. Taga mai kallon gabas ta fi, ko kowace taga mai haske da labule marar kauri. A riƙa ɗan juya tukunyar duk lokacin ba da ruwa, in ba haka ba za ta karkace wajen hasken.

Me ya sa ganyen ya yi tabo-tabo masu ruwan ɗorawa?

Ruwan sanyi kuka zuba mata a ka. Ruwan da ya kwana a ɗaki za ku yi amfani da shi, kuma a ƙasa ake zubawa, ba a kan ganye ba. Tabon da ya riga ya fito ba ya gogewa, amma ba ciwo ba ne, ku kwantar da hankalinku. Kuma don Allah a daina fesa mata ruwa da kwalbar feshi. Gashin ganyen nan riƙe ɗigon yake yi, in ruwa ya kwanta a tsakiyar shukar sai ruɓa.

Ganyen duk sun yi laushi sun kwanta a bakin tukunya. Ƙishi take ji, in ƙara ruwa?

Ku dakata tukuna, ku ajiye kofin nan. Wannan ce tambayar da ba na iya amsawa daga nesa, domin shukar da ƙishi ya dama da wadda ruwa ya yi wa yawa kamanninsu ɗaya ne. Dalili kuwa, saiwa ma numfashi take yi. In ƙasa ta daɗe a jiƙe, iska ba ta shiga, saiwar ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuma ba ta jan ruwa. Sai ka ga shuka zaune cikin ruwa tana yaushi don ƙishi, mai ita ya tausaya mata ya ƙara, ya ƙarasa ta.

To ku fara da ɗaga tukunyar. In kun ji ta sakayau, ƙasar ta janye daga jikin tukunya har ana ganin rata, mai yiwuwa ƙishi ne da gaske. Ko nan ma kada ku kwarara mata ruwa ta sama, domin busasshiyar ƙasar tukunya ba ta shan ruwa nan take, ta gefe zai bi ya fice, ku ɗauka kun ba ta alhali tsakiya a bushe take ƙamas. Ku zuba ruwa mai ɗan ɗumi a faranti, ku ɗora tukunyar minti 20 zuwa 30, sannan ku zubar da ragowar. Yawanci kafin gobe ganyen sun miƙe. Waɗansu masu kiwonta sun fi son a ba ta kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu in bushewar ta yi tsanani, saboda ƙananan saiwoyin sun riga sun mutu, kuma ban ga laifin hakan ba.

In kuwa tukunyar da nauyi, ƙasa a jiƙe, ganye kuma a kwance, sai an duba ciki. Ku kifa ta a tafin hannu, shukar tsakanin yatsu, ku zare tukunyar a hankali. Lafiyayyar saiwa fara-fara ce, siririya, tana da ɗan ƙarfi. Ruɓaɓɓiya ruwan ƙasa ce ko baƙa, tana murmushewa tsakanin yatsu, sau da yawa da wari. In akasarin saiwar lafiya lau take, wataƙila kun yi sa'a: ku ɗora dunƙulen a kan tsohuwar jarida ya tsotse ruwan na 'yan sa'o'i, ku mayar, ku bar shi sai ya sha iska kafin wani ruwan. In rabi ta tafi, ku yanke ruɓaɓɓen da reza mai tsabta, ku sake mata sabuwar ƙasa a tukunyar da ta fi ta da ƙanƙanta. In duk ta tafi amma tsakiyar shukar da tauri, akwai sauran dama. A yanke karan daga ƙasa ana hawa har sai an isa inda cikinsa ya yi tas babu baƙi, a cire manyan ganyen waje, a kafa shi a ƙasa mai ɗan danshi, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a ajiye a haske ban da rana. Wata guda ko fiye kafin sabuwar saiwa ta fito, kuma ba zan yi muku alkawarin za ta fito ba. Wani lokaci ruɓar ta riga ta hau sama ba a gani.

Akwai kuma lokacin da duk ba wannan ba ne. Iskar na'urar sanyaya ɗaki in tana bugun ta kai tsaye takan sa ganye su kwanta, haka sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyos. Ita tsakanin 18 da 24 ta fi jin daɗi. Gishirin taki ma yakan taru, za ku ga wani fari-fari ya bushe a bakin tukunya, duk ganyen da ƙafarsa ta jingina a wurin sai ya yi laushi shi kaɗai. In na ƙasa ne kawai ɗaya ko biyu suka kwanta, sauran na tsaye, ƙila ma tsufa ne, a tsinke su a wuce wurin. Abin da ba shi da magani shi ne in tsakiyar ta narke ta yi baƙi. Nan sai a ceci lafiyayyun ganye, a zubar da saura har da ƙasar.

Kyanwata ta ɗan ci ganyen. Guba ce?

Ba guba ba ce ga kyanwa ko kare. Shukar ce abin tausayi, a ɗaga ta sama.

Na ga kamar tukunyar ta yi mata kaɗan, in saya mata babba?

Wa ya ce ta yi mata kaɗan? Saiwarta ba ta zurfi, kuma sai ta ɗan matsu take fure. Faɗin tukunya ya zama kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin ganyenta. Babbar tukunya ƙasa ce mai yawa da ke riƙe ruwan da shukar ba za ta iya shanyewa ba, mun koma tambayar sama ke nan. Abin da take bukata shi ne sabuwar ƙasa sau ɗaya a shekara, mai sauƙi marar danƙo, irin wadda aka haɗa da zaren kwakwa da fararen ƙwayoyin nan marasa nauyi da ake kira perlite. Ƙasar lambu zalla daskarewa take yi a tukunya.

Wata shida ba fure, sai ganye. Ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau. Kusan kullum ƙarancin haske ne, musamman in ƙafafun ganyen sun yi tsawo suna miƙewa sama. A matsar da ita kusa da taga, ko a ba ta hasken fitila kamar awa 12 a rana, da dare kuma a bar ta cikin duhu. A duba ko 'yan ƙananan 'ya'ya sun tsiro a gefen karan suna cinye mata ƙarfi, a cire su. Sannan a jira makonni, ba kwana uku ba.

Taki fa?

Na ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba. Kada a zuba a busasshiyar ƙasa, kada kuma a ba marar lafiya.

Wani abu fari kamar auduga ya maƙale a hammatar ganyen.

Ƙwari ne masu tsotsar ruwan jikinta. A raba ta da sauran tukwane yau ɗin nan, a tsoma auduga a sifirit a bi su ɗaya bayan ɗaya, a sake dubawa duk mako har wata guda. Sabuwar shuka ma in an kawo, a ware ta 'yan makonni kafin a haɗa ta da na gida. Na sha faɗa, ba a ji.

Da gaske ganye ɗaya yana zama shuka?

Da gaske. A zaɓi ganye daga layin tsakiya, ba tsoho ba, ba jariri ba. A bar masa ƙafa kamar santimita 3, a yanka ta a karkace, a soka a ƙasa mai danshi, a rufe da leda. Saiwa tana fitowa cikin wata guda, 'yan ganye ƙanana kamar kunnen ɓera su leƙo bayan wata biyu zuwa uku. A tsakanin nan kada a riƙa zaro shi kullum wai ana duba ko ya kama.