Kakar wasannin farko ta English Stage Company, 1956

English Stage Company ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo ce da ta fara aiki a 1956 a gidan wasa na Royal Court da ke dandalin Sloane a Landan. Gidan, wanda aka gina a 1888, kujerunsa ba su wuce 400 da wani abu ba. George Devine ne shugaban shirye-shirye, matashi Tony Richardson kuma mataimakinsa. Manufarsu ita ce marubuci ya zama mai gida, wato a nemo sababbin wasanni na marubutan da ke raye, a sa su a dandamali ko da manyan gidajen wasa sun ce ba za su kawo kuɗi ba.

An buɗe kakar ranar 2 ga Afrilu da wasan Angus Wilson, The Mulberry Bush, sai The Crucible na Arthur Miller ɗan Amurka ya biyo baya. 'Yan wasa kusan iri ɗaya ne ke fitowa, ana jujjuya wasannin, yau wannan gobe wancan. Devine ya ɗora fatansa a kan marubutan ƙagaggun labarai da suka riga suka yi suna, amma wasanninsu ba su ja mutane ba.

Wasan da ya ɗaga sunan ƙungiyar ya fito ne daga inda ba a zata ba. An buga talla a jaridar 'yan wasa ana neman rubuce-rubuce, ɗaruruwa suka shigo, daga ciki aka tsinci Look Back in Anger na John Osborne, ɗan wasa mai shekara 26 da ke kwana a cikin kwale-kwale a kogin Thames saboda rashin abin hannu. Aka fara nuna shi ranar 8 ga Mayu. Da aka ɗaga labule, abin da 'yan kallo suka gani shi ne ɗakin haya ɗaya tal a saman bene, mace tsaye a teburin guga sanye da rigar mijinta, maza biyu sun baje suna karatun jaridun Lahadi. Mutanen da suka saba ganin falon masu hali sai ga su gaban kayan guga. Mijin, Jimmy Porter, ya yi jami'a amma alawa yake sayarwa a kasuwa, bakinsa kuwa bai bar kowa ba: matarsa, surukansa, coci, masu mulki.

Yawancin masu sharhi sun yatsina fuska. Kenneth Tynan na jaridar Observer ne ya tsaya masa tsayin daka. Duk da haka tikiti bai yi kasuwa sosai ba sai da BBC ta nuna wani yanki a talabijin a ƙarshen shekarar, matasa suka yi ta tururuwa.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. Bayan wani wasa na Brecht, marubucin Jamus, da 'yar wasa Peggy Ashcroft ta fito a matsayin jarumarsa, aljihun ƙungiyar ya yi sanyi, kuma abin da ya farfaɗo da ita a Disamba tsohon wasan barkwanci ne na 1675, The Country Wife, da 'yar wasa Joan Plowright a gaba. Gidan sababbin marubuta, sai ga shi tsohon hannu ya biya masa bashi.

Daga 1957 aka ɓullo da wasannin daren Lahadi, ba kayan ado a dandamali, don gwada sababbin hannu da kuɗi kaɗan. Wole Soyinka, wanda ya yi aikin tace rubuce-rubuce a gidan bayan karatunsa a Leeds, ya samu irin wannan dare a Nuwamban 1959. Devine ya rasu a 1966, shekarar da gidan ya nuna The Lion and the Jewel na Soyinka.