Waiwaye: Yadda Nauyin Manhajar Lafiya Ya Koma Wuyan Mai Jera Ayyuka

Muhawarar da ake tafkawa kan ko ya dace a riƙa sabunta manhajar da ke auna wa majiyyaci magani kamar yadda ake sabunta ta wayar hannu ba yau ta fara ba, ko da yake shigowar ƙirƙirarriyar basira ce ta sake hura wutarta.

Farkon labarin sananne ne. Tsakanin 1985 da 1987, kurakuran manhaja a wata na'urar gashin cutar daji sun jawo asarar rayuka a Arewacin Amurka, lamarin da ya ƙara wa masana'antar kayan aikin asibiti riƙo da al'adar rubuta komai a takarda kafin a fara gini. A Fabrairun 2001 masana manhaja 17 suka haɗu a Snowbird ta jihar Yuta a Amurka, suka fitar da sanarwar Agile, wato gina manhaja zango-zango, wadda ta fifita manhaja mai aiki a kan tulin takardu. A 2006 kuma ma'aunin IEC 62304, wato ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na gina manhajar kayan aikin asibiti, ya fito, mutane da yawa suka ɗauka ya rufe wa sabon salon ƙofa, alhali bai wajabta wani salon aiki ba.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne rahoton TIR45 kan amfani da Agile a manhajar lafiya, wanda ƙungiyar masana kayan aikin asibiti ta Amurka, AAMI, ta wallafa a 2012, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, kuma ta amince da shi a 2013. Rahoton bai sassauta ko ƙa'ida ɗaya ba. Ya dai nuna cewa ana iya tara hujjojin gwaji da nazarin haɗari kaɗan-kaɗan a kowane zango, muddin tawaga ta fayyace abin da take nufi idan ta ce aiki ya kammala. Daga nan uzurin cewa doka ce ta hana ya faɗi, tambayar ta koma kan wanda ke yanke abin da za a fara yi.

Wannan mutum shi ne manajan manhaja, mai riƙe da jerin ayyukan da ke jiran tawaga, kowane aiki a kan katinsa. A gabansa akwai katin sabon allo da sashen talla ke jira don baje koli, ga kuma ƙorafin ma'aikatan jinya cewa ƙararrawar famfon ƙarin ruwa na yawan kaɗawa ba dalili, har sun fara kashe sautinta cikin dare. Zangon mako biyu ba zai ɗauki duka biyun ba. Wanda ya sa hannu a cinikin manhajar, galibi, ba shi ne ke tsaye a gefen gado ba, don haka muryarsa ta fi saurin isa taron tsara aiki. A ganina nan gizo ke saƙa, ba a saurin aikin ba, domin katin da aka tura ƙasan jeri sau uku yakan kwana a can har zuwa fitowar sabon samfuri.