Wai mene ne tseren keken dutse, kuma me laka take yi masa?

Ranar Asabar da ta wuce ina zaune wurin mai gyaran keke na bakin layinmu a Tudun Wada, ruwa ya ɗauke kenan kowa na jira hanya ta ɗan tsane, sai ƙanina ya miƙo min waya ya ce "Yaya dan Allah kalli mutanen nan, anya lafiyarsu ƙalau kuwa?" Bidiyo ne na wasu masu keke suna gangarowa daga kan tsauni cikin ruwan sama, laka ta rufe su tun daga kai har ƙafa ko kalar rigar mutum ba ka ganewa. Baba mai gyara ya leƙo ya kalla ya ce ai wannan irin keken ne da yara ke kawo masa kullum, mai giya. Na ce masa Baba kama ce dai suka yi, amma da sauran magana. To bayanin da na fara yi musu a wurin shi nake so in ƙarasa a nan, don na lura kalmar mawuntin baik tana yawo a bakin matasa amma ba kowa ya san abin da take nufi ba.

Abin da ake ce ma mawuntin baik, da Hausa keken dutse ne ko keken tsauni, wato keken da aka ƙera don hanyar da ba kwalta, hanyar daji da duwatsu da saiwoyin itace da kwazazzabai. Tayarsa mai kauri ce mai manyan haƙora, kansa miƙaƙƙe ne mai faɗi ba lanƙwasasshe irin na masu tseren kan titi ba, yana da shokozoba a gaba, wasu har da baya, sannan birkinsa na faifai ne irin na mashin. Mu nan duk keken da muka gani da giya da ƙaton taya a gwanjo sai mu ce mawuntin baik ne, alhali da yawansu siffar ce kawai, in ka hau da su dutse na gaske rim zai lanƙwashe tun ba a je ko'ina ba.

Asalin abin daga Kalifoniya ne a Amurka, a yankin da ake kira Marin, cikin shekarun 1970. Wasu matasa ne suka riƙa kwaso tsofaffin kekuna masu nauyi suna hawa da su kan tudu suna gangarowa a guje. A 1976 suka fara tseren da aka fi sani da Repack, gangara ce ta kusan kilomita 3, kuma sunan ma yana da labari: birkin kekunan na feda ne, wanda kake danna feda baya ya kama, kafin mutum ya kai ƙasa giris ɗin da ke ciki ya ƙone saboda zafi har yana hayaƙi, dole sai an kwance an sake cusa sabo, daga wannan sake cusa giris ɗin sunan ya fito. Cikin waɗannan matasa akwai Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper ya shiga kasuwa da yawa, a 1990 hukumar tseren keke ta duniya UCI ta yi gasar duniya ta farko a Durango ta jihar Kolorado, sai 1996 aka shigar da shi wasannin Olamfik a Atlanta, Bart Brentjens na Holan ya ci na maza, Paola Pezzo ta Italiya ta ci na mata.

Tseren kala-kala ne amma biyu sun ishe mu. Akwai kuros-kantiri, shi ne na Olamfik, kowa da kowa a tashi lokaci ɗaya a yi ta zagaya hanya guda mai hawa da sauka har wajen awa ɗaya da rabi, wanda ya riga shi ya ci. Sai daunhil, wato gangara zalla, mutum ɗaya-ɗaya ake saki daga saman tsauni agogo na ƙirga masa, cikin minti uku zuwa biyar an gama. Wanda ƙanina ya nuna min wannan na biyun ne.

To yanzu mu zo kan laka, don ita ce ta sa na zauna rubutun nan.

Ba a ɗage wannan tseren don an yi ruwa, sai dai in akwai tsawa ko iska mai haɗari. Kuma da zarar ruwa ya sauka hanyar da mutum ya kwana biyu yana haddacewa ta tashi daga aiki, ta zama wata daban. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a unguwannin bayan gari cikin watan Agusta lokacin marka ya san laka ba iri ɗaya ba ce. Akwai caɓi mai ruwa-ruwa, wannan yana fantsama ya ɓata maka kaya amma taya tana huda shi ta taɓa ƙasa, da sauƙi. Akwai taɓo mai danƙo irin na yumɓu wanda yake zuwa bayan ruwa ya ɗauke ƙasa ta fara shanyewa, shi ne mugun, yana liƙewa a taya yana taruwa yana taruwa har tayar ta cika ta daina juyawa, keken ya yi nauyi kamar ka ɗora masa buhu. Sai kuma na uku wanda ya fi kayar da mutane, ƙasa mai tauri da ruwa ya jiƙa samanta kawai, irin jar ƙasar nan tamu, ido na ganin hanya lafiya lau amma santsi ne kamar an zuba miyar kuɓewa. Masu tsere sukan ce gara a yi ta ruwan da a ce ya ɗauke ana tsakiyar gasa, kuma dalilinsu kenan.

Abu na farko da suke canzawa taya ce. Tayar laka haƙoranta dogaye ne kuma akwai tazara sosai tsakaninsu, tsawon don su huda lakar su kama ƙasa, tazarar kuma don lakar ta riƙa fita da kanta in taya na juyawa. Sau da yawa ma ba ta kai ta rani faɗi ba, saboda a bar wa taɓo wurin wucewa tsakanin taya da jikin keke. Sannan iska. Mu mun saba in ka je wurin mai faci ka ce a cika ta ta yi tauri kamar dutse, su kuwa rage iskar suke yi, wajen 20 ko sama da haka kaɗan a geji, don tayar ta baje ta rungumi saiwa da dutse maimakon ta yi tsalle a kansu. Abin da ya ba su damar haka shi ne tayoyinsu tubles ne, babu tub a ciki balle rim ya cije shi, sai wani ruwa mai kamar madara da suke zubawa wanda yake toshe ƙaramar huda da kansa. Da na faɗi wannan Baba mai gyara ya ajiye sifanar hannunsa ya ce "Malam kana nufin da gangan mutum zai sace iskar tayarsa?" Na ce ƙwarai kuwa Baba.

Birki kuma nan ne ni abin ya taɓa ni da kaina. Shekarun baya ina da wani keke mai birkin roba, irin wanda yake matse rim, wata rana da yamma bayan ruwa na biyo wata gangara da ke sauka wajen kogin Kubanni a Zariya, na kama birki gaba da baya har yatsuna suka yi ciwo amma keken tafiya kawai yake yi, robar tana gurzar ruwa da yashi tana wani ƙara ƙiii, sai da na sa ƙafa a ƙasa na faɗa cikin ciyawa, gwiwata ta yi sati biyu tana ciwo. Rim yana kusa da ƙasa, duk abin da taya ta taka shi ma ya sha. Faifan birki kuwa yana tsakiyar taya nesa da lakar, shi ya sa yau ba za ka ga mai tsere na gaske da birkin roba ba. Amma ko da birki mai kyau, sanin lokacin kama shi ne aikin. In ka kama birki a kan jiƙaƙƙiyar saiwa ko cikin kwana, tayar gaba za ta zame ta gudu ta bar ka. Don haka suna rage gudu tun kafin su shiga wurin, a inda ƙasa ke da kamu, in sun shiga sai su saki hannu su bar keken ya wuce, saiwa kuma a tsallaka ta kai tsaye ba a karkace ba. Wallahi wannan sakin birkin a daidai inda zuciya ke ce maka kama, ni a wurina shi ne ainihin wasan gaba ɗaya, ya fi ƙarfin ƙafa ya fi tsadar keke.

Ga ido ma. Tayar gaba tana watso laka kai tsaye a fuska, shi ya sa suke ɗaura ɗan guntun madigadi na roba a gaba, masu gangara kuma tabaran da suke sawa cikin hular kwano yana da siraran ledoji a jere, in ta sama ta ɓaci sai mutum ya fizge ta da hannu ɗaya yana cikin gudu. Cen da giya su ma suna shan wahala, yashi na shiga yana cin ƙarfe, giya ta ƙi shiga ko cen ya zube. Kuma a kuros-kantiri doka ba ta yarda ka canza keke ba, akwai dai wurin da aka ware wa makanikai, za a iya canza maka taya ko a gyara abin da ya lalace, amma jikin keken da ka fara da shi da shi za ka gama.

In kana son ka ga abin da nake nufi da idonka, nemi tseren Danny Hart na 2011 a Champéry ta ƙasar Suwizalan. Gasar duniya ce ta gangara, hanyar tana cikin mafi tsayuwa da aka sani, ruwa kamar da bakin ƙwarya, manyan 'yan wasa suna ta faɗuwa. Yaron ɗan Ingila ne, shekararsa 19 a lokacin, ya sauko kamar ƙasar a bushe take ya ba na biyu ratar sama da sakan 11, a wasan da galibi ƙasa da sakan ɗaya ke raba na ɗaya da na biyu. Na kalli wannan bidiyon ya fi a ƙirga kuma har yau in na kalla sai tsigar jikina ta tashi. A Olamfik na Tokiyo ma da aka yi a 2021 ruwa ya sauka kafin tseren mata, hanya ta yi santsi, Jolanda Neff wadda dama an san ta da iya sarrafa keke a wuri mai wuya ta tsere wa kowa, 'yan Suwizalan uku suka kwashe zinare da azurfa da tagulla duka.

Kar wani ya ce ai wannan na Turai ne kawai. Greg Minnaar ɗan Afirka ta Kudu ya zama zakaran duniya a gangara har sau 4, a 2003 da 2012 da 2013 da 2021, na 2013 ɗin ma a garinsu Pietermaritzburg aka yi. Alan Hatherly shi ma ɗan can ne, ya ci tagulla a Olamfik na Paris a 2024 kuma a shekarar ya zama zakaran duniya a kuros-kantiri.

Shi ya sa in na bi ta wajen Wusasa a Zariya na ɗaga kai na kalli dutsen Kufena abin yake min ciwo. Ga dutse Allah ya ba mu, ga hanyoyin ƙafa tsakanin gonaki, ga damina daga wajen Mayu har Oktoba, ga yara da suka taso a kan keke tun ƙafarsu ba ta kai feda ba suna tuƙawa ta ƙarƙashin sanda. Dattijon da yake ɗauko buhun masara a tsohon Raleigh daga ƙauye ya ratsa taɓo bai sa ƙafa a ƙasa ba, ya san inda ake bi da inda ba a bi, ya san bin ciyawar gefe ya fi bin tsakiyar hanya, wannan karatun ƙasar shi ne masu tseren can suke shekaru suna koyo. Amma dan Allah kar wani yaro ya karanta wannan ya ɗauki keken gwanjo ya nufi saman dutse bayan ruwa. Falalen dutse in ya jiƙe, musamman inda gansakuka ta kwanta, babu tayar da ke kama shi, kuma waɗancan da kuke gani suna da hular kwano mai rufe haɓa da kariyar gwiwa da ta baya, ga masu agajin gaggawa a tsaye a gefen hanya. A fara da hanyar gona mai ɗan gangara, da hula a kai, kuma a tambayi masu gonar kafin a shiga don taya tana ɓata kunya in ƙasa ta jiƙe.

Kafin mu tashi daga wurin Baba, ƙanina ya ce a rage masa iskar tayarsa ya gwada. Baba ya ce tasa mai tub ce, in ya rage da yawa rim zai cije ta, ya dai danna bawul ya saki kaɗan ya matsa tayar da babban yatsa ya ce ya isa haka. Yaron ya hau ya bi ta cikin caɓin layin har ƙarshe ya juyo, wandonsa duk jar laka, yana ce min "Yaya wallahi akwai bambanci, bayan ba ya zillewa kamar ɗazu."