Sabon Shirin Siyasa na Daren Asabar: Me Mutanen Karkara Ke Cewa?

Wata tashar talabijin mai watsa shirye-shiryenta da Hausa ta fito da sabon shirin tattaunawar siyasa a daren Asabar, ana maimaita shi ranar Lahadi. Mai gabatarwa na zama a tsakiya, baƙi biyu daga jam'iyyu masu hamayya da juna na gefensa, a ƙarshe kuma a buɗe layin waya. A yankinmu na Ringim da Taura shirin ya shiga bakin mutane, tun daga teburin mai shayi har rumfunan kasuwar Gujungu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa, da abin da nake ji daga masu kallo, da kuma yadda ni nake ganin lamarin.

Wai wa ke kallon talabijin a ƙauye, balle shirin siyasa?

Ana kallo, sai dai ba irin kallon birni ba, inda kowa ke falonsa da rimot a hannu. A nan kallo na taro ne: gidan kallo, shagon mai cajin waya, ko ƙofar gidan wani mai hali da ya sa sola da tauraron ɗan'adam. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya zama abin lissafi, don haka mai gidan kallo ba zai ƙona mai a kan shirin da ba zai tara masa mutane ba. Sa'ar da wannan shiri ya yi ita ce yana zuwa bayan an tashi daga ƙwallon Ingila, jama'a na nan zaune a kan benci, sai kawai a sauya tasha.

Duk da haka, waɗanda suka ga shirin daga farko har ƙarshe tsiraru ne. Yawancin mutane guntayensa suke gani a waya, ta WhatsApp ko Facebook ko TikTok, ko kuma su ji labarinsa da safe wajen mai shayi. Rediyo har gobe ita ce abokiyar manomi, don da ita ake tafiya gona.

Me ya fi burge masu kallo?

Ganin fuska. Mutanen Kano da Jigawa ba baƙin siyasar kafafen yaɗa labarai ba ne. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, tashoshi masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa, kunnenmu ya saba da sojojin baka, masu shiga gidan rediyo su wanke gwaninsu su caccaki abokin hamayyarsa. Amma a rediyo kowa nasa yake faɗa ya fita, ba wanda zai tare shi. A wannan shiri kuwa ga mai mulki ga ɗan adawa a kujeru biyu, idan ɗaya ya faɗi abin da ba haka ba, ɗayan na kusa. Masu kallo suna lura da komai: wanda ya sunkuyar da kai da aka ambaci kuɗin wata kwangila, wanda ya yi ta gyara hula, wanda ya ɗauki ruwa ya kurɓa don ya samu lokacin tunani. Washegari a majalisa irin waɗannan ake tattaunawa fiye da maganganun da aka yi.

Na biyu, mutane na jin daɗin cewa ɗan siyasar da kansa ake gayyata, ba yaronsa ba. Wanda ya ci zaɓe ya ɓace shekara da shekaru, yau ga shi ana yi masa tambaya a gaban kowa.

To, da me ake kuka?

A nan maganar take da yawa, kuma ina tare da masu kukan. Babban ƙorafin shi ne shirin ya ɗauki siyasa a matsayin labarin 'yan siyasa kawai: wa ya sauya sheƙa, wa zai tsaya takara, wane uban gida ne ya ɓata da yaronsa. Ana iya cinye awa guda a kan rikicin cikin gida na jam'iyya ba a ambaci taki ko sau ɗaya ba. Alhali manomin da ke zaune a kan bencin nan, siyasarsa ita ce farashin buhun taki da ranar da zai iso, ko kafin shuka ko bayan gero ya fitar da kai. Siyasarsa ita ce asibitin garinsu da ba ma'aikacin kwana, da ajin firamaren da iska ta yaye wa kwano.

Ɗauki batun ruwa. Rayuwar garuruwan da ke bakin kogin Haɗejiya, daga Ringim zuwa Auyo, Kafin Hausa, Haɗejiya, Kiri Kasamma da Guri, a ɗaure take da yadda ake sarrafa ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da aka kammala a 1992. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa da gero. Ambaliyar 2022 ta raba dubban mutane da gidajensu a Jigawa. Wa ke da alhakin yashe kogi? Nawa aka ware, nawa aka fitar, ina aka yi aikin? Waɗannan tambayoyin siyasa ne tsantsa, kuma akwai masu riƙe da muƙamin da ya kamata su amsa su. Mutanenmu suna jira su ga an zaunar da irin waɗannan a kujerar.

Haka batun ƙananan hukumomi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Jigawa na da ƙananan hukumomi 27, Kano na da 44. Ga mutumin ƙauye, shugaban ƙaramar hukuma da kansila su ne gwamnatin da ya sani, su ne zai iya tarewa a wajen ɗaurin aure ko jana'iza. Me zai hana shirin ya riƙa gayyato shugaban ƙaramar hukuma guda a kowane mako, a ce masa: ga abin da ya shigo a watan jiya, me aka yi da shi?

Sai kukan harshe. Shirin na Hausa ne, amma da zarar an zo kan kasafin kuɗi sai baƙi su koma Turanci, ko su yi ta jefa kalmomin da tsohon da ke gefe bai san inda suka dosa ba. Ana ambaton biliyoyin naira ba tare da an kwatanta wa mutane rijiyar burtsatse nawa ko aji nawa kuɗin za su iya ginawa ba. Aikin mai gabatarwa ne ya tsayar da baƙo ya ce, ranka ya daɗe, a fassara mana.

Abin da ya fi ƙona min rai kuwa shi ne sakin tambaya. A tambayi mutum ina hanyar da ya yi alkawari, ya ɗauko tarihin gwamnatin da ta wuce, ya zagaya ya zagaya, sai mai gabatarwa ya ce to madalla, mu je ga batu na gaba. A gidan kallo nan take za ka ji an ɗauki sowa ana cewa bai amsa ba! Idan manomi a ƙauye ya gane an kauce, ɗan jaridar da ke gaban baƙon ya fi kowa ganewa.

Ana zargin shirin da ɗaukar ɓangare. Gaskiya ne?

Magoya bayan gwamnati na cewa na 'yan adawa ne, 'yan adawa na cewa an saye shi. Wannan kaɗai bai wanke shi ba, bai kuma kama shi da laifi ba. Akwai ma'aunin da kowa zai iya amfani da shi: wa aka fi bai wa lokaci, wa aka fi katsewa, wa aka yi wa tambaya mai zafi, wa aka bari yana yabon kansa, kuma waɗanne jam'iyyu ne ba a taɓa gayyata ba. A duba wannan mako bayan mako, kada a yanke hukunci da shiri guda.

Doka ma ta yi magana. Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 95, ta hana amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, ta kuma ce a raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu da 'yan takara. Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ke ba da lasisi da sa ido a kan tashoshi. Abin da masu kallo ke da haƙƙin sani shi ne ko baƙon gayyatarsa aka yi, ko kuwa filin ya saya. Sayen fili sanannen abu ne a tashoshinmu, ba laifi ba ne, amma a sanar da mutane.

Me ya sa dattawa da matasa suka sha bamban a kansa?

Dattawa da yawa ba sa son yadda ake katse babba yana magana, ko yaro ɗan jarida ya tsare sa'an mahaifinsa da ido. Na ji wani tsoho yana cewa jikansa, kai yaro, ko a fada ba a yi wa mutum haka. Jikan ya amsa da ladabi: Baba, ai shi ya zo ƙofar gidan nan ya durƙusa yana neman ƙuri'arku. Tsohon ya yi shiru, can ya ce wannan kuma gaskiya ne, amma a tambaye shi da mutunci.

Ina ganin dukansu biyu suna da gaskiya, kuma ba su yi nisa da juna ba. Ƙasar nan ta Kano da Jigawa ce ta haifi jam'iyyar NEPU a 1950, a nan Malam Aminu Kano da almajiransa suka koya wa talaka cewa yana da ikon tambayar mai mulki, wasu kuma suka sha ɗauri saboda haka. Kakannin waɗannan dattawan, wasu ma iyayensu, suna cikin waɗanda suka yi wannan gwagwarmaya. Abin da dattawan suke ƙi shi ne zagi da tonon silili, wanda ya yi yawa a wasu shirye-shiryen rediyo. Ana iya cewa ranka ya daɗe sau goma, a kuma maimaita tambayar sau goma har sai an amsa. Su kuma matasan da ke son a yi ta hayaniya, su tuna cewa daren da aka fi ɗaga murya shi ne daren da aka tashi ba a ƙaru da komai ba.

Me ya sa ba a jin muryar ƙauye a layin waya?

Sabis ba ƙarfi, kati na da tsada, layin kuma guda ɗaya ne ga jihohi da yawa. Kafin kiran mutumin ƙauye ya shiga, na birni sun cika, galibi ma muryoyin da aka saba ji ne. Mata kuwa kusan babu su, don ba sa zuwa gidan kallo, alhali su ne ke cika layin zaɓe, su ne kuma suka fi kowa sanin halin da ɗakin haihuwa ke ciki. Maganin ba shi da tsada: a karɓi saƙon murya ta WhatsApp tun tsakiyar mako, a kuma tura wakili da kyamara kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ya ɗauko tambayoyin mutane a saka wa baƙo ya amsa. Wakiliya mace za ta iya shiga gidaje ta ɗauko na mata.

Guntayen bidiyon da ke yawo a waya fa, a yarda da su?

A yi hattara. Ana yanko daƙiƙa 30 daga maganar minti 5, a jefar da farkonta da ƙarshenta, ma'ana ta juye. An sha yin musu mai zafi a majalisa a kan abin da baƙon bai faɗa ba. Wanda aka turo wa guntu ya nemi cikakken shirin, ko ya tambayi wanda ya kalla, kafin ya tura wa wani.

Hukuma za ta iya dakatar da irin wannan shiri?

Tsoron da wasu masu kallo ke yi ke nan, kuma yana da tushe. A watan Mayun 2025 an sanar da dakatar da shirye-shiryen siyasa na kai tsaye a kafafen yaɗa labarai na Kano, da hujjar hana kalaman ɓatanci, ƙungiyoyin 'yan jarida da masu kare haƙƙi kuma suka soki matakin. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 22 kuma ya ɗora wa 'yan jarida nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a. A 2023 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce NBC ba ta da hurumin cin tashoshi tara da kanta, don ita ba kotu ba ce. Wanda aka ɓata wa suna yana da kotu. Ni ban ga dalilin da za a hana jama'a duka jin tambaya da amsa saboda bakin mutum biyu ko uku ba.

Mai kallo a ƙauye, me zai iya yi ban da kallo?

A wasu majalisu an fara abin da ya burge ni: ɗalibi guda yana riƙe da littafi, duk alkawarin da baƙo ya yi a shirin sai ya rubuta shi da kwanan wata, ko gada ce, ko taki, ko gyaran asibiti. Ƙungiyar ci gaban gari za ta iya ɗaukar wannan littafi ta rubuta wa ofishin da abin ya shafa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa hukuma kwana 7 ta amsa irin wannan buƙata. Idan wata uku suka wuce ba a ga komai a ƙasa ba, a ɗauki hoton wurin, a haɗa da ranar da aka yi alkawarin, a aika wa masu shirin tare da roƙon su sake gayyato mutumin su tambaye shi.