Yadda ake lissafin girman filin sekta, wato yankin da'ira

Sekta a ilimin jometiri shi ne yankin da'ira da ake samu in an ja layi biyu daga tsakiyar da'irar zuwa bakinta, sai ɓangaren da ya faɗa tsakanin layukan ya zama kamar yankan gurasa, tsini a ciki, lanƙwasa a waje. Layin da ya tashi daga tsakiya zuwa baki shi ake kira radiyos, ana rubuta shi da r, buɗewar da ke tsakanin layukan biyu kuma ita ce kusurwa, ana sa mata alamar θ. In kusurwar ba ta kai digiri 180 ba ƙaramin sekta ke nan, in ta wuce babba ne, in 180 ce cif to rabin da'ira ne kawai.

Lissafin nasa rabo ne, ba wani abu ba. Filin da'ira gaba ɗaya πr² ne, zagaye ɗaya kuma digiri 360, ƙidayar da ake dangantawa da mutanen Babila masu lissafi da sittin-sittin. To kason da kusurwarka ta ci a cikin 360 shi ne kason da sektan ya ci a filin:

fili = θ/360 × πr²

Ita π wajen 3.14159 ce, amma a makaranta da jarabawar WAEC ko NECO yawanci 22/7 ake cewa a sa.

A ɗauki akuya da aka ɗaure a lungun da katanga biyu suka haɗu, igiyarta mita 7. Lungun digiri 90 ne, wato kwatan da'ira. 22/7 × 7 × 7 ya ba da 154, a raba huɗu, iyakar inda za ta ci ciyawa murabba'in mita 38.5 ne. In aka mayar da turken bayan ginin ta waje, daidai kan kusurwar, muddin kowace katanga ta fi igiyar tsawo, digiri 270 ta samu, filin ya zama 115.5. Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi sosai shi ne in ka ninka kusurwa fili sau biyu yake ninkuwa, amma in igiyar ka ninka ta koma mita 14 a wancan lungun na farko, filin 154 zai zama, ninki huɗu ke nan, saboda r ɗin sau biyu take shiga lissafin. Nan ne ma yara suka fi faɗuwa, a ba su dayamita, wato faɗin da'ira daga baki zuwa baki ta tsakiya, ninki biyu na radiyos, su manta ba su raba biyu ba, amsa ta fito ninki huɗu na gaskiya, kuma abin da ciwo don duk sauran aikin daidai suka yi.

Akwai hanya ta biyu in tsawon lanƙwasar baki aka ba ka ba kusurwa ba: fili = ½ × tsawon lanƙwasa × r. A misalin akuyar lanƙwasar mita 11 ce, ½ × 11 × 7 ya sake ba da 38.5. Wannan ya yi kama da lissafin alwatika kuma ba haka kawai ba ne, Arkimidis na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tabbatar filin da'ira daidai yake da na alwatika mai gindi tsawon kewayen da'irar, tsayi kuma radiyos ɗinta. Shi ne kuma ya nuna π tana tsakanin 223/71 da 22/7 da siffa mai gefe 96.

A manyan azuzuwa ana auna kusurwa da radiyan, zagaye ɗaya 2π, radiyan ɗaya kusan digiri 57.3, sai lissafin ya koma ½r²θ. Kar a zuba digiri a wannan, ba zai yi ba.

Mazurari ko rufin bukka mai tsini in aka tsaga shi daga baki zuwa ƙololuwa aka shimfiɗa a ƙasa sekta ne yake fitowa, shi ya sa maƙerin farin ƙarfe ke fara yanka kwano a wannan siffar kafin ya naɗe shi.