Saye a cikin manhajar waya (in-app purchase): na gwaji ne ko na kuɗin gaske? Ku karanta kafin ku sake tambayata

Manhajar da ke waya ba za ta iya gaya wa saba (server, kwamfutar da manhajar ke magana da ita ta intanet) cewa sayen na gaske ba ne?

A'a. Abin da waya ta turo kowa na iya canza shi a hanya. Saba ce za ta tambayi Apple ko Google da kanta.

Lambar kuskure 21007 nake ta samu daga Apple, me na ɓata?

Ba komai, rasidin sandbox (wurin gwajin Apple) ka kai adireshin production (na sayen gaske). Kullum ka fara da production, in ya dawo da 21007 ka maimaita a sandbox, shi ke nan. Amma tun 2023 Apple ta ce verifyReceipt, wato wannan hanyar duba rasidi, ya tsufa, ku koma App Store Server API don Allah, can environment, wato inda aka yi sayen, na rubuce ƙarara, Sandbox ko Production.

To in sabar ta ga na sandbox ne, in ƙi buɗe wa mai sayen abin da ya saya?

Nan ne wuyar, kuma ba amsa ɗaya. Masu duba manhaja na Apple da sandbox suke saye, amma sabarka ta gaske suke bugowa, in ka toshe sandbox gaba ɗaya mai dubawa zai biya ya ga komai a kulle, sai su dawo maka da manhajar. To amma masu TestFlight, manhajar Apple ta raba wa masu gwaji, su ma sandbox ne, ko sisi ba sa biya, in ka baza hanyar shiga ga kowa ka raba kaya kyauta ke nan. Ni dai nakan karɓa, in sa wa cinikin alamar gwaji a rumbun bayanai, in bi ranar ƙarewar da Apple ta bayar, in cire shi daga lissafin kuɗin shiga. Idan kuwa abin da kake buɗewa na cin kuɗinka, kamar kati ko data, sa wa na gwaji iyaka. Ya danganta da abin da kake sayarwa gaskiya.

Biyan wata ya sabunta cikin minti 5!

Kwantar da hankalinka, haka gwaji yake, an matse lokacin ne.

Google fa?

Duba testPurchase a amsar subscriptionsv2, inda saba ke tambayar Google kan biyan da ke sabuntawa, in yana nan gwaji ne. Kuma na gaji da faɗa, sa mutum a internal testing (gwajin cikin gida) ba ya mai da sayensa kyauta, sai ka sa imel ɗinsa cikin license testers (jerin masu sayen gwaji) a Play Console, shafin masu manhaja na Google, in ba haka ba daga katin bankinsa za a cire kuɗin.